Abin Da Idon Mota Ya Tuna

Ƙarfe biyun dare, gabas da Rezekne,
tauraron ɗan Adam ya yi mana kunnen uwar shegu.
Shuɗin ɗigon nan na kan allo ya daka tsalle,
wai muna tsakiyar tafki,
ya sake tsalle, wai mun ƙetare iyaka.
Skaidrite ta ja tsaki daga baya:
"Ilmars, mace na can tana naƙuda,
kai kana nan kana shawara da gilashi."

Shekara goma sha tara ina riƙe da sitiyarin motar asibiti,
amma in dusar ƙanƙara ta sauka da gaske
hanya da gona uwa ɗaya uba ɗaya ne.
Fari a dama, fari a hagu,
fitila na haska abin da babu.

Sai na kunna ɗan idon nan
da yaran jami'a suka manna mana a goshin mota,
bai fi babban yatsana ba.
Shi ba ya ɗaga kai ya roƙi sama.
Hotuna ne fal cikinsa, dubu bisa dubu,
da wata mota ta bi ta ɗauka
shekara uku baya, lokacin da ciyawa take kore.
Ya dubi abin da ke gabansa,
ya dubi abin da ya haddace,
ya laluba inda bakinsu ya zo ɗaya.

An koya masa kada ya yarda da ganye,
kada ya yarda da inuwa, ko kare, ko shanyar tufa,
balle mutum.
Duk mai motsi maƙaryacin shaida ne.
Kusurwar rufi yake nema, da gicciyen coci,
da abin da aka kafa aka manta.

Ya fara kama turken lantarki
mai ɗauke da sheƙar shamuwa, masu gidan sun yi kudu.
Ya kama rumfar jiran bas mai karyayyen benci.
Sai allo ya rabu biyu.

A dama, daren nan: wani gida duhu,
ƙanƙara ta cinye shingensa har wuya.
A hagu, gidan nan dai cikin rana,
da wata mace a bakin ƙofa, bokiti a hannu,
jan kallabi, an shafe fuskarta kamar yadda doka ta ce.

Ban buƙaci fuskar ba.
Na san wannan karkatar kafaɗar.
Antonina ce, wadda ta haife ni,
wadda muka rufe bara kafin shamuwa su dawo,
ban kuma sake bin hanyar ba.

Korayen ɗigo suka sauka a kan bututun hayaƙi,
a kan murfin rijiya, a kan kusurwar taga.
Ko ɗaya bai sauka a kanta ba.
Na'ura ta tsallake ta kamar an tsallake kwata,
ta rubuta: kashi casa'in da huɗu cikin ɗari,
nan kuke.
Mita ɗari uku, sai ku yi hagu.

Ni da na koyi tafiya a wannan tsakar gida
na kusa wuce shi ban gane ba.

Na yi hagu.

Uku da minti arba'in yarinya ta faɗo,
a kicin, kusa da murhu, da murya kamar ta mai bin bashi.
Uban ya rasa abin yi, sai ya dinga cusa mana burodi.
Skaidrite na wanke hannu ta dube ni:
"Me ya sami idonka?"
Na ce sanyi ne.

Da asuba tauraron ya huce,
shuɗin ɗigo ya dawo ya zauna kan hanya
kamar bai taɓa yin ƙarya ba.
Ban kashe idon ba.
Da muka zo daidai rijiyar na sassauta ƙafa,
na bar shi ya sake tambayar gidan,
don a sake buɗe mini wancan yinin,
ta fito da bokitinta.